Malamin Bakin Ruwa: Tunawa da Alhaji Umaru na Kete-Karaci

  Barkanmu da sake saduwa a wannan fili namu na sharhi, daga nan Bauchin Yakubu. Ina gaida na cikin ganuwa da na bayan ganuwa. Ina gaida mutanen Jahun da Nassarawo, da na Yalwa da Fadaman Mada. Ina gaida iyayenmu mata da ke tsakar gida, hannu na kan aiki, kunne na kan rediyo. Ina gaida direbobin da ke kan hanyar Jos da ta Gombe da ta Ningi. Allah ya sauke kowa lafiya.

Yau wani malami za mu tuna. Ba ɗan Bauchi ba ne. Ba a Najeriya ma ya rasu ba. Ya rasu tun 1934, a wani gari na bakin kogi, a ƙasar da yau ake kira Gana. Sunansa Alhaji Umaru ɗan Abubakar. Wasu na ce masa Imam Umaru. Wasu na ce masa Alhaji Umaru Salaga. Wasu kuma da garin da ya ƙare rayuwarsa suke kiransa, Alhaji Umaru na Kete-Karaci.

Na san wani zai ce, to mu ina ruwanmu da shi? Ku ba ni aron hankalinku. Da farko zan faɗa muku ko shi wane ne. Daga nan in faɗi aikin da ya yi a zamansa na bakin ruwa. Sa'annan mu dawo gida mu dubi kanmu, don a gida maganar za ta sauka.

To, bismillah.

An haifi Umaru a birnin Kano, wajen shekarar 1858. Asalin gidansu Kabawa ne. Mahaifinsa malami ne kuma bafatake. A wancan zamani wannan ba baƙon abu ba ne. Mutum zai rataya gafaka a kafaɗa, jakunansa na gaba da kaya. Fataucin da ke tashe a lokacin shi ne na Gwanja. Ayari zai tashi daga Kano da kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu, madugu na riƙe da ragamar tafiya. A ƙetare kogin Kwara. A ratsa ƙasar Bargu. A yi watanni a hanya kafin a sauka Salaga. A can ake sayen goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. A ɗaure shi da ganye cikin huhu, a ɗora wa jakuna, a juyo gida.

A kan wannan hanya Umaru ya buɗe ido. Yana karatu, yana bin mahaifinsa fatauci. Ya yi karatu a Kano, ya ƙara a wajen malaman yammacin ƙasar Hausa. Tun yana saurayi ya rubuta littafi da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa. Ku lura da wannan. Tun da ƙuruciya hankalinsa na kan abin da mutane ke bukata a rayuwarsu ta yau da gobe. Ɗan kasuwa na son aika saƙo. Sarki na son a rubuta masa takarda. Shi kuma ya zauna ya tsara musu hanya.

Daga baya ya zauna a Salaga. Amma zaman bai yi tsawo ba. A 1892 yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin masu neman sarauta a ƙasar. Kasuwa ta watse. Baƙi suka tattara nasu ya nasu. Da yawa suka gangara kudu, zuwa Kete-Karaci, a gaɓar Kogin Bolta. Shi ma daga bisani ya bi sawunsu.

A nan tafiya ta ƙare masa. Mutumin da ya sha yawon duniya ya sami wuri ya zauna. Ya zama limamin gari. Ya buɗe makaranta. Ban da tafiyar da ya yi zuwa aikin hajji, shekaru masu yawa ya yi a wannan gari na bakin ruwa, har Allah ya karɓi abinsa.

Masu sauraro, wannan shi ne mutumin. Yanzu ga aikinsa.

Kete-Karaci mahaɗa ce. Kwale-kwale na hawowa daga bakin teku da gishiri. Ayari na saukowa daga arewa da shanu da tufafi. Bakano na nan, Bazabarme na nan, Babarbare na nan, Bayarabe na nan. Kowa da labarin garinsu a bakinsa. Malam Umaru na zaune a tsakiyarsu. Yana koyar da almajirai, yana sauraron baƙi. Abin da ya bambanta shi da sauran masu jin labari ɗaya ne. Shi in ya ji, sai ya rubuta.

A lokacin garin na hannun Jamusawa. Jami'in da ke riƙe da yankin sunansa Adam Mischlich. Mutum ne mai sha'awar harshen Hausa, har ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906. Shi ya riƙa tambayar Malam Umaru labarin ƙasar Hausa. Malam kuma ya ɗauki alƙalami da tawada, ya yi ta rubutu da ajami, da Hausa tsantsa, irin wadda ake yi a kasuwa da zaure.

Ya rubuta tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Ya rubuta tarihin Kabi, ƙasar kakanninsa. Wannan kam wasu malamai ma sun yi irinsa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina daban ne. Malam Umaru ya rubuta abin da kowa ke gani kullum, har ba ya zaton ya isa a rubuta. Ya rubuta yadda ake noma, da irin amfanin gonar da ake shukawa. Ya rubuta yadda ake saƙa da rini da ƙira da jima. Ya rubuta yadda kasuwa ke ci, da yadda fatake ke shirya tafiya. Ya rubuta aure da haihuwa da zaman gida. Ya rubuta zaman bayi da iyayen gijinsu, bai kauce wa maganar ba.

Ku tsaya ku yi tunani a kan wannan. A zamaninsa wa zai ce yadda ake haɗa baba a karofi tarihi ne? Kowane yaro a Kano ya san shi. Amma yau ku zaga garuruwanmu, ku ƙirga marinar da ta rage. Abin da kowa ya sani jiya, yau sai an nemi mai faɗa. Malam Umaru ya gane haka tun da wuri. Ya san abin da ido ya saba da shi, shi ne ke fara ɓacewa, don babu mai tunanin adana shi.

Bai tsaya ga zube ba. Mawaƙi ne na gaske, da Larabci da Hausa. Ya yi waƙoƙi a kan zuwan Nasara, yana lissafa garuruwa da sarakunan da suka faɗa hannunsu, cikin baƙin ciki da takaici. Ya yi waƙa a kan talauci da wadata, da yadda jama'a ke wulaƙanta marar shi. Da annobar mura ta 1918 ta ratsa duniya ta iso garinsu, ya yi mata waƙa, ya bayyana yadda ciwon ke kama mutum. Duk abin da ya wuce ta gabansa, sai ya ba shi wuri a takarda.

Almajiransa kuwa sun bazu a zangunan Gana. Har yau akwai gidajen malamai da ke jingina karatunsu gare shi.

To, jama'a, ga inda labarin ya juya.

Shekara talatin bayan rasuwarsa, gwamnatin Kwame Nkrumah ta datse Kogin Bolta a Akosombo, don samar da lantarki. Ruwa ya taru a bayan madatsar. Ya yi ta hawa, ya yi ta faɗi, har ya zama ɗaya daga tafkuna mafi girma da ɗan Adam ya taɓa yi. An tashi mutane kimanin dubu tamanin daga gidajensu. Tsohon garin Kete-Karaci na cikin waɗanda abin ya shafa. Aka gina wa mutane sabon mazauni a kan tudu. Ruwa ya kwanta a inda ake cin kasuwa. Ruwa ya kwanta a hanyoyin da fatake ke bi.

Ruwa ya ci garin. Amma ruwa bai ci rubutun ba.

Zan maimaita, don ita ce jigon sharhinmu na yau. Ruwa ya ci garin, bai ci rubutun ba. Wanda ke son sanin yadda Bahaushe ke rayuwa kafin zuwan Turawa, har gobe yana iya komawa ga abin da wannan malami ya bari. Katanga ta rushe, kasuwa ta nutse, takarda ta tsira.

Sai dai akwai ɗaci a cikin maganar, kuma ba zan ɓoye muku shi ba. Takardun sun tsira, amma ba a hannunmu ba. Mischlich ya tafi da kaso mai yawa Jamus. Wani masani Bajamushe, Heinz Sölken, ya yi aiki a kansu, ya fitar da tarihin Kabi da Jamusanci. A 1973 wani Ba'amurke, Douglas Ferguson, ya sami digirin digirgir da fassara bayanin Malam Umaru na ƙasar Hausa zuwa Ingilishi. A shekarar 2000 wani farfesa ɗan ƙasar Folan, Piłaszewicz, ya buga wani kaso na rubutun ajamin a Balin. Jami'ar Gana da ke Legon ma ta bi gidajen malamai ta tattara kofen rubuce-rubucensa. Allah ya saka wa duk wanda ya yi wannan wahala. Ba don su ba, da wani abin ya salwanta.

Amma ku faɗa mini, a cikinmu mutum nawa ne ya taɓa riƙe littafin Alhaji Umaru da Hausar boko? A wace makarantar sakandare ake karanta shi? Bahaushe ya rubuta da Hausa, a kan Hausawa. Jikokinsa kuma sai sun bi ta Jamusanci ko Ingilishi kafin su ji abin da kakansu ya ce. Wannan abin kunya ne, kuma namu ne.

Wani zai ce, ai Nasara ya yi wa aiki. Gaskiya ne, Bature ne ya tambaye shi. Amma shi wannan malamin ne ya yi waƙoƙin kokawa da mamayar Turawa. Ya san abin da yake yi. Ni a ganina, ya fahimci cewa duniyar da ya taso a ciki tana gushewa a gaban idonsa. Ya ga dama ta samu ta ajiye ta a takarda, bai bari ta wuce ba. Ba kuma ina cewa duk abin da ya rubuta babu gyara ba. Wani abin da idonsa ya gani, wani a bakin matafiya ya ji. Mai bincike zai tace. Amma sai an ajiye abu ake samun na tacewa.

Yanzu, masu sauraro, mu dawo gida. Mu dawo Bauchi.

Mu ba matalautan tarihi ba ne. Yaro ma ya san sunan Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya karɓo tuta. Mun san ya zauna a Inkil kafin ya kafa wannan gari wajen 1809. Mun san ya zagaye shi da ganuwa. Mun san ya rasu a 1845, ɗansa Ibrahim ya gaje shi, har ya je ya zauna a Rauta. Mun san Turawa sun iso a 1902, suka tuɓe Sarkin Bauchi Umaru. Mun san a garin nan Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suka riƙa zaman muhawara a shekarun 1940, zaman da ya zama ɗaya daga tushen siyasar Arewa. Kabarin Firayim Minista Tafawa Ɓalewa na nan a tsakiyarmu, baƙi na zuwa ziyara. A Kafin Madaki ga ginin Babban Gwani yana tsaye. A Geji da Shira ga zanen mutanen da a jikin duwatsu.

Wannan duk an sani. An rubuta kundaye a kansa a Jami'ar Ahmadu Bello da wasu wurare. Alhamdu lillahi.

Amma wannan tarihin manya ne. Tambayata ita ce, ina irin tarihin da Alhaji Umaru ya damu da shi? Ina tarihin unguwa? Ina tarihin sana'a? Ina tarihin talaka?

Muna cewa Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Wase, Ƙofar Tirwun, Ƙofar Inkil. Yau yawancinmu sunan tasha ko na shataletale muke ji a ciki. Wa ke tsaron kowace ƙofa a da? Wane gida ke riƙe da wannan aiki? Da wane lokaci ake rufewa? Ina ganuwar ta bi a wuraren da yanzu shaguna suka hau kanta? Su wa suka fara zama a Zango, daga ina suka zo? Ina marinar gari take? Ina maƙera suke samo tama? Ranar da jirgin ƙasa ya fara shigowa Bauchi a 1961, me mutane suka ce, me suka yi? Akwai waɗanda suka tsaya a bakin dogo ran nan da ƙafafunsu. Wasunsu na raye. Wa ya je ya tambaye su?

Mu leƙa Gubi, inda muke samun ruwan sha. Kafin a datse ruwan, me ke wurin? Gonar wa ce? Ta ina makiyaya ke bi? Wane suna mutanen wurin ke kiran kowane rafi da kowane dutse? Dattijon da ya yi rayuwarsa a bakin wannan ruwa ya san amsar. Ya san shekarar da ruwa ya ja baya, ya san shekarar da ya yi ambaliya. Ya san kifin da ake kamawa da, wanda yanzu ba a gani. Mu kuwa famfo kawai muke buɗewa. Haka mutanen tsohuwar Busa suka ga ruwan Kainji ya rufe garinsu a ƙarshen shekarun 1960. Abin da ya sami Kete-Karaci ba labarin nesa ba ne.

Jama'a, mu ma muna da namu ruwan da ke hawowa a hankali. Namu ruwan shi ne mutuwar dattawa. Shi ne gara da ke cin takardu a cikin adaka. Shi ne rushe tsohon soro don a kafa shago. Ba ya ƙara, ba ya sanarwa. Sai dai a wayi gari a nemi mai ba da labari a rasa.

Ga wani abin da ya fi wannan zafi. Ƙasar Bauchi ƙasa ce ta harsuna masu yawa. Akwai Gerawa, akwai Jarawa, akwai Sayawa, akwai Warjawa, akwai Zulawa, akwai Fa'awa, akwai Fulani, da wasu da dama. Kowace al'umma da tarihinta, kuma a cikin harshenta ta adana shi. Harshen Ajawa ya mutu tun ƙarnin da ya wuce, masu shi suka koma Hausa. Ya tafi da waƙoƙinsa da sunayen kakanninsa. Geranci kansa, harshen mutanen Malam Yakubu, yau a gidaje da yawa tsofaffi ne kawai ke yin sa. Jikoki na ji sama-sama, ba sa iya mayarwa. Da Hausa nake wannan magana, kuma ina ƙaunar Hausa. Amma ba na so ta zama sanadin da wata al'umma za ta manta kanta. Gara mu yi amfani da ita mu rubuta abin da tsofaffin nan ke ɗauke da shi, tare da kalmominsu na asali, tun suna nan.

A kowace unguwa akwai Alhaji Umarunta. Kun san shi. Shi ne dattijon da ake nema in rigimar iyakar gona ta taso. Shi ne wanda ke cewa wane ɗan wane ne, jikan wane, har kaka bakwai. Wani bai taɓa zama a wani gida ba sai wanda aka haife shi a ciki. Ba shi da digiri. Ba a taɓa kiran sunansa a taro ba. In ya fara labari, samari sai su ce Baba ya fara, su zame ɗaya bayan ɗaya. Ran da ya rasu kuma kowa ya ce, kai, an yi rashin masanin tarihi. To, me muka ɗauka daga gare shi yana da rai?

Kada kuma mu ce maza kaɗai. Kakanninmu mata sun fi kowa riƙe dangantaka. Su suka san wa ya auri wa, wa ya shayar da wa. Su suka san shekarar yunwa, da abin da aka ci aka rayu. Waƙoƙin daka da na niƙa da na reno suna bakinsu, kuma injin niƙa ya riga ya kashe lokacin da ake rera su. Haka maroƙan fada da makaɗa. Kirarin da suke yi wa sarki jerin tarihi ne, in an sami mai warware shi. Haka wanzamai, haka mahauta, haka magina.

Yanzu bari in taɓo abin da na san yana ran wasu. Za su ce, malam, tone-tone ba shi da kyau. In aka tono tarihi za a tono yaƙi. Za a tono bauta. Za a tono asalin da masu shi ba sa so a ambata.

Na ji wannan, kuma ban raina shi ba. Gaskiya ne an yi yaƙe-yaƙe a ƙasar nan. An kai hare-hare kan mutanen duwatsu, an kama bayi. Ningawa sun shafe shekaru suna gwabzawa da Bauchi da Kano, tun daga zamanin Malam Hamza. Yadda ake ba da labarin a fada daban, yadda ake ba da shi a kan dutse daban. Duk wanda zai rubuta tarihin ƙasar Bauchi da gaskiya, dole ya zauna a zaurukan biyu. Ya ji na wanda ya ci, ya ji na wanda aka ci. In ya ji ɓangare ɗaya kawai, kirari ya rubuta.

Amma shiru ba ya kashe irin wannan labari. Yana nan ana raɗa shi a ɗaka. In masu hankali ba su rubuta shi da adalci ba, masu neman fitina za su ba da shi yadda suke so, a lokacin da suke so. Alhaji Umaru ya rubuta zaman bayi, duniya ba ta tashi ba. Ɗanmu Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gina littafinsa Shaihu Umar a kan bauta da raba uwa da ɗa, tun gasar rubutu ta 1933. An karanta shi a makarantu shekara da shekaru. Bai raba kan kowa ba. Tausayi ya koya mana. Abin da ake bukata shi ne ladabi da amana. Sirrin gidan mutum ba na yayatawa ba ne. Abin da dattijo ya ce a ajiye, a ajiye. Ba don a ci zarafin kowa ake rubuta tarihi ba.

To, mene ne abin yi? Nan zan taƙaita, don aikin ba shi da wuya.

Alhaji Umaru da alƙalamin kara ya yi nasa, da tawadar da ake dafawa a gida. Kai da ke saurarona, wayar da ke aljihunka tana ɗaukar murya, tana ɗaukar hoto. Ka sayi goro ko ɗan abin da ka san tsohonka na so. Ka je ka gaishe shi. Ka nemi izininsa. Ka fara da faɗin sunansa da wurin da ranar, don na baya su san daga ina maganar ta fito. Sa'annan ka yi tambaya, ka yi shiru. Kada ka katse shi. Kada ka gyara masa. In ya ce da idonsa ya gani, ka rubuta haka. In ya ce a bakin mahaifinsa ya ji, ka rubuta haka. In ka dawo gida ka kwafe a littafi, don waya na faɗawa ruwa, ana kuma sace ta. Ka ba wani ɗan'uwa kofe ya ajiye.

Ke ma 'yar'uwa, wannan aikin naki ne. Akwai abin da Inna ba za ta faɗa wa namiji ba, ke za ta faɗa miki.

Gidajen malamai kuma, ina roƙonku don Allah. Ku buɗe adakar nan ta kaka. Ku fitar da takardun, ku kakkaɓe, ku raba su da damshi. Ko wasiƙa ce, ko takardar bashi, ko lissafin gado, ko sunayen waɗanda aka haifa da aka rubuta a bayan littafi, duk tarihi ne. Ku ɗauki hotonsu shafi-shafi. Kada ku sayar wa mai yawon saye. In kuna neman shawara, akwai Gidan Arewa a Kaduna, akwai masana a jami'o'inmu da suka san yadda ake adana irinsu.

Ina kira ga masarautunmu, su sa kowane hakimi da dagaci da mai unguwa ya nuna dattawan da ya kamata a ɗauki muryarsu. Ina kira ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da sauran manyan makarantun jihar nan, su tanadi wurin da talaka zai kai abin da ya tattara, a karɓa da mutunci. Ina kira ga malaman makaranta, su ba yara aikin hutu na rubuto tarihin unguwarsu da Hausa. Mu ma ma'aikatan rediyo, tsofaffin faya-fayan da ke ɗakunan ajiyarmu amana ce a wuyanmu. Masu buga littattafai kuma, lokaci ya yi da za a dawo da rubutun Alhaji Umaru gida, a buga shi da boko da ajami, a farashin da ɗalibi zai iya saye.

Ruwa ya ci garinsa, bai ci rubutunsa ba, don ya rubuta tun kafin ruwan ya zo. Allah ya jiƙan Alhaji Umaru ɗan Abubakar. Allah ya jiƙan dattawanmu da suka tafi da abin da ke ƙirjinsu. Waɗanda suka rage, Allah ya ƙara musu lafiya da nisan kwana.

Kai kuma mai sauraro, kada ka ce sai an yi hutu, kada ka ce sai bayan salla. A cikin makon nan ka je wurin wanda ya fi kowa shekaru a gidanku. Ka zauna a gabansa, ka ce, Baba, ba ni labarin garin nan yadda ka same shi. Ka ɗauka, ka rubuta, ka adana.